Kafaɗar da Kika Bar Mini

Ranar Laraba, sha tara ga watan Yuni, da hantsi, Wanda Ya ba mu aronki Ya karɓi abarSa. Ina tsaye a barandar asibitin da kika ƙarar da ƙuruciyarki a cikinsa, sai maigidanki ya fito daga ɗakin da kike kwance, ya dafa ni. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Daga Allah muka zo kuma can muka nufa dukanmu, ke dai kin riga mu ne, Auta, ke da kika zo a ƙarshe.

Tun daga ranar mutane ke ta rubutu a kanki. Abokan aikinki sun ce an yi rashin ƙwararriyar likitar zuciya, sun ambaci tarurrukan da kika halarta da likitocin da kika koyar. Duk gaskiya ne, Allah Ya saka musu. Ni ba zan iya irin wannan rubutu ba. Ni yayanki ne, mai gyaran wutar lantarki, wanda boko bai yi masa nisa ba. Abin da na sani shi zan faɗa, kuma da ke zan yi maganar, domin ban saba zancenki a bayan idonki ba.

Shekara goma sha biyu na ba ki. Babanmu ya rasu kina rarrafe, Inna kuma tun da sassafe take fita nema, saboda haka kai ki makaranta ya zama aikina. Akwai wani babban titi tsakanin gidanmu da makarantarku, motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Jakar kayan aikina tana hannun dama, ke kuwa kina kan kafaɗata ta hagu, kin riƙe kunnena kamar za ki tsinke shi, kina ba ni umarnin lokacin da zan tsallaka. Tun a lokacin ba ki san roƙo ba, umarni kika iya. Da kika yi wayo kika daina hawa, tsani ya gaje ki, sai naɗin waya. Wani tela ne ya fara gaya mini cewa kafaɗata ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Na ce masa ya ɗinka rigar a haka, na san wadda ta saukar da ita.

In an yi hutu kikan bi ni gidajen da ake ginawa. Aikinmu shi ne zura waya a cikin bututun da aka binne a bango. Ni ina wannan ɗaki ina turawa, ke kina wancan kin kafa kunne a bakin bututu kina saurare. Can sai in ji muryarki ta biyo bango: “Yaya, ta maƙale a lanƙwasa. Ja da baya ka murza.” In na ja na murza, sai ta wuce. Da kan wayar ya leƙo ta wajenki sai ki yi ta tsalle kamar ke kika gina gidan.

Shi ya sa da kika gama dogon karatunki kika dawo, na tambaye ki ainihin abin da kike yi a ɗakin tiyatar nan naku mai sanyi, kika bayyana mini, dariya ce ta kama ni. Har yanzu ina ganinki a teburin cin abincin gidana, kin ɗauko guntun bututu da waya daga jakata kina kwatance. Kika ce ita ma zuciya tana da wayoyinta na wuta waɗanda ke ba ta umarnin bugawa, kuma wani lokaci sukan gaji su fara yankewa, sai bugun ya yi ta ja baya har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Kika ce a da sai an buɗe ƙirji kafin a kai ga zuciya, amma yanzu ɗan tsagi kaɗan ake yi a ƙarƙashin ƙashin nan da ke gicciye a gindin wuya. A nemo jijiyar jini, a zura mata siririn bututun roba, ta cikinsa a tura wata waya mai laushi, ana kallon tafiyarta a allon hoto har ta shiga cikin zuciya. A bakin wayar akwai ɗan mitsitsin sukuru, a murza shi ya kama naman zuciya. Daga nan a zare bututun, a haɗa wayar da ɗan batir, a yi masa aljihu a ƙarƙashin fata a ɗinke. Mutum kuwa idonsa biyu, yana jin duk hirar da ake yi.

Na ce, “To ai aikina ne kika sace, Auta. Waya a bututu. Ni ake kira mai gyara, ke ake kira Likita.”

Kika ce, “Ƙwarai kuwa, Yaya. Sai dai kai kana kashe wutar gidan kafin ka fara. Ni ba a ba ni wannan damar ba.”

Daga ranar muka zama abokan sana'a. In na kira ki na ji muryarki a gajiye, sai in ce gida nawa kika yi wa wayarin yau. Ke kuma in kin zo gidana kika ga ƙwan fitila ya mutu, sai kin yi mini gori har in rasa inda zan sa kaina.

Ba zan ce ba ki da aibu ba, domin za ki fi kowa jin haushin ƙarya a kanki. Ba ki taɓa zuwa taron iyali a kan lokaci ba. Kina da taurin kai irin na Inna, har kin ɗara ta. In kika yi shiru kika ɗaga gira ɗaya, manyan mutane sukan manta abin da suka zo faɗa. Rigar dalmar nan da kuke sawa saboda hasken na'urar hoto ta gama da bayanki tun kina da sauran ƙarfi, mun yi faɗa mun yi lallashi ki rage aiki, kika mai da mu 'yan iska. Sau nawa antinki, matata, take zuba miki abinci ya huce a gabanki kina waya da asibiti. Duk wannan mun sha, kuma da za a dawo mana da ke da mun sake sha da murna.

Amma akwai wata ɗabi'a taki da ta zagaye asibitin nan, har ma'aikatan jinya suna kwaikwayonki da ita a bayan ido. Abin da aka saba shi ne a tambayi majiyyaci hannun da yake aiki da shi. In na dama ne sai a sa batirin a hagu, in bahago ne a sa a dama, shi ke nan. Dalili kuwa, gefen da aka yi wa aiki ba a ɗaga hannunsa sama, ba a ɗora wa kafaɗarsa nauyi, har sai wayar ta zauna daram, kuma wannan yakan ɗauki makonni. Ke ba ki yarda da wannan gajeriyar tambaya ba. Sai kin jawo kujera kin zauna a gaban mutum kin ce, “Da wace kafaɗa kake ɗaukar kaya? A wane gefe kake kwanciya?” Kina cewa hannun rubutu daban, kafaɗar zaman duniya daban.

Kin taɓa ba ni labarin wata tsohuwa, ba tare da kin faɗi ko wace ce ba, domin ba ki taɓa fitar da sirrin majiyyaci ba ko a gabana. An riga an shafa mata magani a hagu, kika zo kika yi tambayarki. Ta ce ita a kan hagu take kwanciya, domin ta nan take fuskantar gefen da mijinta yake kwana. Kika ce a kira shi ku yi magana. Ta ce ai ya daɗe da rasuwa, ita dai ba ta iya juya wa wurin baya ba. Kika sa aka goge, aka koma dama. Wani abokin aikinki ya ce ɓata lokaci ne kawai. Ba ki yi masa gardama ba, girar nan kika ɗaga.

Akwai kuma dattijon nan mai surutu wanda kika ba mu labarinsa muka yi ta dariya har Inna ta ce mu tashi mata daga ɗaki. Kin kafa masa waya, kina gwada ta da wuta mai ɗan ƙarfi kamar yadda kuka saba, sai shaƙuwa ta sarƙe shi, kowane bugu da tata. Ashe bakin wayar ya zauna kusa da jijiyar da ke motsa tantanin numfashi. Dattijo yana shaƙuwa yana roƙonki ki bar ta a haka, wai ko matarsa ta samu ta huta da bakinsa. Kika warware sukurun, kika sake neman wani wuri, kika sake gwadawa, har sai da komai ya yi miki yadda kike so. Kin ce mini mutum zai tafi da wayar nan gida ya kwana da ita shekara da shekaru, saboda haka “ya isa haka” ba magana ba ce a ɗakinku.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara, bayan rasuwar Inna da 'yan watanni, aka gano ciwon dajin da ke cikinki. Kin gaya mana a tsaye, kamar mai ba da rahoton wani. Kika yi ta fama da magani, gashi ya zube, jiki ya zube, amma bakin nan yana nan. A cikin wannan hali ne ni kuma jiri ya fara ɗibata. Na ɓoye, domin gidan da ake jinyar babban ciwo ba a kawo ƙarar jiri. Wata rana na zo gaishe ki, na miƙa miki kofin ruwa, maimakon ki karɓi kofin sai kika kama wuyan hannuna. Kika yi shiru kina ƙirgawa a zuci. Na ga fuskarki ta canza. Kika ce, “Yaya, wayarin gidanka ya fara yankewa. Tun yaushe?”

Gwaji ya tabbatar da maganarki. Ni ma batirin nake buƙata, kuma ba da jimawa ba. Na ce to, ai abin a gida yake, ke za ki yi mini. Kika ce ko da lafiyarki ƙalau ba za ki sa wuƙa a jikina ba, domin hannunki ya san ni da yawa, balle yanzu da ko cokali rawa yake yi a yatsunki. Kika haɗa ni da likitan da kika fi yarda da shi cikin waɗanda kika koyar, wanda kowa ke kira Dogo. Mutum ne mai natsuwa, in zai shiga ƙofa sai ya sunkuya. Ya zaunar da ni ya bayyana mini komai. Ya ga yadda na riƙe biro, ya ce tunda da dama nake aiki, a hagu za a sa. Ya ce bayan aikin kuma, kafaɗar nan ba za ta ɗauki ko jakar hannu ba sai bayan wajen wata ɗaya da rabi.

A makon ne likitocinki suka kira mu ni da maigidanki suka ce an dakatar da magani, sai dai a rage miki zafi. Ba su faɗi rana ba, amma makonni suka ambata, ba watanni ba.

Auta, abin da ban gaya wa kowa ba, har antinki, ga shi yau ina faɗa. Na haɗa maganar Dogo da maganar likitocinki, na ga inda suka haɗu. In na yarda aka yi mini aikin nan, ranar da za a fito da ke daga gida zan tsaya a gefe da hannu a rataye, ina kallon wasu suna ɗauke da ke. Kafaɗata ta dama kuwa ba ta taɓa koyon ɗaukar kaya ba, ban ma yi tunaninta ba. Ni na ɗauke ki zuwa makaranta ranarki ta farko. Na ƙudura a raina ni zan ɗauke ki ranarki ta ƙarshe, a kafaɗar da kika sani, ko zuciyar za ta tsaya ta tsaya. Na san wauta ce. Ko a lokacin na sani.

Sai na shiga ƙirƙiro dalilai. Yau in ce akwai gidan da na karɓi aikinsa ban gama ba, gobe in ce mura nake yi. Dogo ya yi ta kira har na fara jin kunyar ɗaga waya. Antinki ta yi kuka ta yi fushi. Ke kuwa kika sa mini suna matsoraci, wai ƙato da ni, mai kama wayar wuta da hannu, ina gudun ɗan tsagin da bai kai tsawon yatsa ba. Na karɓi sunan hannu biyu, domin ya fi mini sauƙi a kan gaskiyar. Amma na lura wani lokaci in kin gama tsokanar sai ki bi ni da wani irin kallo, irin wanda kike yi wa allon hoto.

Ranar da asirina ya kusa tonuwa, da rana tsaka ne, a ɗakinki na asibiti. Na ga soket ɗin da ke gefen gadonki yana lilo, ni kuwa ba na iya ganin irin wannan in kau da kai. Na durƙusa na fito da sukurdireba. Abin da na sani ke nan. Da na farfaɗo ina kwance a ƙasa, ma'aikatan jinya sun kewaye ni, ke kuma kina durƙushe a kaina, kin jawo ƙarfen ƙarin ruwa har ya kusa faɗuwa, yatsunki biyu a wuyana. Ke da sai an kama ki kike zama. Na buɗe ido na ga hawaye a fuskarki, abin da ban gani ba ko ranar da kika gaya mana ciwonki.

Kika ce, “Yaya, wannan karon ni ce a gaba. Kada ka shige mini layi. 'Ya'yana kawu ɗaya gare su.”

 Na ce a yi aikin. Na faɗa ne ina jin kamar na sayar da wani abu nawa da ba zan sake samu ba.

Washegari da safe aka shiga da ni ɗakin nan naku. Sanyinsa ya fi yadda kike faɗa. Aka kwantar da ni a kan wani siririn gado, na'urar hoto tana rataye a saman ƙirjina. A gefe guda akwai tagar gilashi, bayanta ƙaramin ɗakin da ake zama ana kallon allo. Ban san kin sa an turo ki a keke ba sai da na juya na gan ki a can, an lulluɓe ki da bargo, kin yi ƙanƙanta a cikinsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta buɗe kafaɗata ta hagu ta fara shafa maganin nan mai sanyi, kamar yadda aka tsara. Na rufe ido na ce shi ke nan.

Sai Dogo ya shigo da rigar dalmarsa. Ya tsaya a kaina, ya dubi tagar, ya dube ni, kamar wanda ya tuna karatun da ya tsallake. Ya ce, “Baba, ka gafarce ni, rannan hannu kawai na duba. Da wace kafaɗa kake ɗaukar kaya?”

Ban kai ga buɗe baki ba muryarki ta fito ta lasifikar da ke bango, siririya amma umarnin yana nan: “Hagu. Ku bar masa hagu. Ku shiga ta dama.”

Dogo ya ce, cikin ladabi, da dama nake riƙe kayan aiki, kuma hanyar dama tana da lanƙwasa mai wuya.

Kika ce, “Na sani. Kayan aikin za su jira shi. Hagun ce zai nema kafin wurin ya warke.”

 Ban san ko sauran mutanen ɗakin sun gane ba, ina jin Dogo ya gane, domin bai ƙara cewa komai ba. Aka goge hagu aka koma dama, aka rufe mini fuska da koren ƙyalle ta yadda ba zan ga aikin ba. A ƙarƙashin ƙyallen nan na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ko allurar kashe zafi ba ta kama ba ne. Na ce ta kama. Ashe duk tsawon makonnin nan da kike kirana matsoraci kin san abin da nake ɓoyewa. Ban san yaushe kika gane ba. Kika bar ni da rufin asirina, kika bi ta inda kika iya.

Ina jin komai. Na ji ɗan dannawa a gindin wuya, na ji suna magana ƙasa-ƙasa, na ji na'ura tana ƙirga bugun zuciyata a hankali kamar mai jin barci. Can sai na ji Dogo ya yi shiru, hannunsa yana kai da komo a wuri ɗaya. Wayar ta ƙi wucewa. Sai muryarki ta sake biyo bango: “Ta maƙale a lanƙwasa. Ja da baya ka murza.”

Ya ja, ya murza, ta wuce. Da ba don an ce kada in motsa ba da na yi dariya, ga hawaye ga dariya. Ba a jima ba suka kafa ta, suka gwada, Dogo ya tambaye ni ko ina jin shaƙuwa na ce babu. Kika sa ya karanto miki sakamakon gwajin, kika sa ya maimaita, sannan kika ce ya ɗinke. Da aka haɗa batirin na ji ƙarar na'urar ta sauya, bugun ya miƙe tsaf. Wannan ne aiki na ƙarshe da kika sa wa baki a ɗakin.

Bayan nan ba mu taɓa tayar da zancen ba. Kullum nakan zo in zauna a gefen gadonki da hannun dama a rataye, antinki tana ba ni abinci kamar yaro, ke kina dariya ba sauti. Sau ɗaya kawai, ana saura kwana kaɗan, kika buɗe ido kika ce, “Hagun lafiya?” Na ce lafiya lau. Kika ce to madalla, kika koma barci.

Ranar da aka fito da ke, 'yan'uwa suka tare ni. Suka ce mai sabon ɗinki a ƙirji ba ya ɗaukar makara, in bi a baya kawai. Da gaskiyarsu, tausayina suke ji. Ina tsaye sai ga Dogo ya ratso mutane, kansa ya fi na kowa tsawo. Ya ce, “Ku bar shi. Ya shiga ta inda hagunsa za ta ɗauka. Likita ta riga ta ba da izini.” Suka matsa. Na sa kafaɗata. Ba ki da nauyi, Auta, ciwo bai bar komai ba. Amma kafaɗar ta gane ki. Muka fito layinmu, muka kai bakin babban titi, motoci suka tsaya, muka tsallaka. Kunnena na hagu ne kawai ba wanda ya riƙe.

A kwanakin zaman makoki mutane sun zo waɗanda ba mu taɓa gani ba. Wani direba, wata malamar makaranta, wani tsoho da jikarsa ta riƙo masa hannu. Ba su da dogon jawabi. Sai mutum ya gaishe mu, ya ɗan ja wuyan rigarsa ya nuna tabo, wani a hagu wani a dama. Tsohon nan ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa ya ce in ji. Na ji. Ni ma na ɗora nasa a nawa. Muka zauna haka har aka kawo masa ruwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, mutumin da ya yi haƙuri da abinci mai sanyi da kiran asibiti shekara da shekaru, ya kuma yi jinyarki ba tare da na taɓa jin ya ce wash ba. Allah Ya ba shi ladan, Ya sanyaya masa zuciya. Ga 'ya'yanki biyu, ku sani uwarku ta bar muku kawu, kuma da gangan ta bar shi, ƙofata ba ta da sakata a kanku. Ga antinki da ta riƙe ki kamar ƙanwar cikinta, ga Dogo da sauran waɗanda kika koyar, ga ma'aikatan jinyar ɗakin nan mai sanyi, ga duk mai ɗauke da tabonki a ƙirji, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Roƙona ga ɗalibanki ɗaya ne, kada su daina jawo kujera su yi tambayar nan.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ta sha ya zama wankin zunubanta. Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata tambaya kamar yadda ta sauƙaƙa wa bayinKa numfashi. Duk bugun da wata zuciya za ta yi ta dalilin hannunta, Ka rubuta mata shi a cikin ayyukan da ba sa yankewa. Ka haɗa ta da Inna da Baba a gidan rahama, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da kyau.

Ɗinkin ya warke, Auta. Jiya Dogo ya duba ni, ya ce wayar ta zauna daram, in ga dama in koma aiki. Na je na ɗauko tsani, na kai shi kafaɗar hagu kamar kullum, sai na tsaya. Na mai da shi dama. Hagun ta gama nata aikin.